Mutanen Markewa a Kan Sakaina

'Ya'yana, akwai wata magana da ke yawo a gidan nan tun kafin a haifi yawancinku. Ana cewa kakanku, Baba Liman, ya zo gidana a Wurno ya sa sanda ya farfasa aikin da na yi wata biyar ina yi, ya toshe mini hanyar ƙarin karatu. Baffanku Sambo ya faɗa, mutanen gidansa sun ɗauka, har kwanan baya na ji ɗan'uwanku Bashiru yana faɗa wa 'ya'yansa da yaƙini kamar a gabansa aka yi, alhali a lokacin yana goye a bayan uwarsa. Ba haka aka yi ba. Waɗanda suka san gaskiyar mu huɗu ne, uku sun kwanta dama, ni kuma hannuna ya fara rawa. Gara in rubuta tun alƙalami yana tsaya mini.

An haife ni a Markewa, wani ƙaramin gari a bakin gulbi, gabas da Goronyo. Kada ku wahalar da kanku wajen nemansa, yana ƙarƙashin ruwan madatsa. Baba shi ne limamin garin, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. Mahaifiyata, Inna Hajo, 'yar masu ginin tukwane ce, kuma ko da aure ya tsare ta a cikin gida, hannunta bai rabu da yumɓu ba. Ita ke gina tukunyarta da kaskonta da tulun da muke shan ruwa a ciki. Idan tana aiki takan gutsuro mini ɗan curi ta ce in tafi in ba ta wuri. Da wannan curin na fara yin shanu da raƙuma, in jera su a bayan randa. Baba yakan gani ya kau da kai, don wasan yara ne. Inna ta rasu damina biyu kafin a tashe mu, aka binne ta a maƙabartar da ke gangaren gari, wajen fadama.

Da aka gama madatsar, aka yanka wa mutanenmu filaye a kan tudu, layi-layi, kowa da murabba'insa, babu itacen da ya kai tsawon mutum. Ba zan ce ruwan bai yi amfani ba. Ku kanku da albasa da alkama da shinkafar rani kuka yi ƙashi. Amma wanda ya yi shekara arba'in yana jin tarin maƙwabcinsa ta bayan danga, sai ga shi an kai maƙwabcin can ƙarshen layi, an kawo masa wani. Baba bai taɓa yin ƙorafi ba. Duk wanda ya zo masa da kuka, amsarsa ɗaya ce: ƙasa ta Allah ce. Sai dai na lura da abu guda. A sabon garin, idan ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida da yamma, kullum bayansa yake ba ruwan.

Ni a lokacin ina Wurno, ina koyar da aikin hannu a wata makarantar firamare, ina zaune da uwarku Kulu, wadda ita ma 'yar Markewa ce. Bayan kaka aka aiko takarda cewa za a yi gasa tsakanin malaman aikin hannu na yankin, daga Rabah har Goronyo, a nuna a wurin baje kolin amfanin gonar rani. Kowa zai kawo allo da bai fi tabarmar salla girma ba, ya jera 'yan mutum-mutumi aƙalla ashirin a kai, kowane kada ya wuce tsawon ɗan yatsa, a shafe shi da launi, kuma ya tsaya a kan gindinsa na kansa yadda alƙalai za su iya ɗauka su duba su mayar. Abin da ake so a nuna shi ne rayuwar mutanen bakin ruwa. Wanda ya zo na ɗaya za a tura shi Zariya kwas na shekara biyu. Ku da kuka tashi kuka tarar ana zuwa jami'a kamar zuwa kasuwa ba za ku gane ba. Ni na karanta takardar nan sau uku a tsaye, na kai ta gida na sake karanta wa Kulu.

Na ɗebo yumɓu a fadama, na tankaɗe shi, na kwaɓa da ɗan ƙaiƙayin shinkafa mai laushi don kada ya tsage. Tsinke nake sawa a tsakiya ya zama ƙashin baya. Na gwada gasa biyu a murhu suka fashe, sai na haƙura, na riƙa shanya su a inuwa, in sun bushe in shafe su da ruwan ƙaro. Launi kuwa duk daga gida: shuni irin na wanki, jar ƙasa, farar ƙasa, baƙin gindin tukunya, da gangamau. Idan na haɗa shuni da gangamau sai in sami kore. Kowane sai an dama shi da ƙaro kafin ya kama. Abin shafawa na yi shi da gashin wutsiyar akuyarmu, na ɗaure a tsinken tsintsiya, ido da baki kuma da ƙayar aduwa nake ɗigawa. Gindin da za su tsaya a kai na yi shi da sakaina. Kulu ta bi maƙwabta ta tattaro mini fasassun ƙwarya, na riƙa yanka su da wuƙa kamar girman kwabo, in huda da allura mai zafi, in soke tsinken ƙafar a ciki.

Niyyata in yi magudanan ruwa da kunyoyin albasa da manoma, abin da na san alƙalai za su so. Na gama na farko, wani mutum a tsaye da sanda, na ajiye a bakin taga. Kulu ta shigo da ruwa, ta tsaya.

"Malam, wanga ai Nomau na, Sarkin Ruwa."

"Wane Nomau? Manomi ɗai niy yi."

"Dibi kahwaɗa tai, guda ta ɗara guda. Dibi yadda yaka tsayi, ciki gaba. In ba Nomau na ba, a sake mini suna."

Na ɗauka na juya shi, na ga gaskiyarta. Mai fiton garinmu ne, wanda shekarun tura jirgi da gora suka karkata masa kafaɗa. Na yi na biyu da niyyar ya zama kowa, ya fito Audu makaho, mai saƙar igiya a gindin tsamiya. Na uku ta fito Jimma mai fura. Daga nan na daina faɗa da hannuna. Na share maganar magudanan ruwa, na kama gina Markewa: masallaci, tsamiya, rijiya, mashigin jirgi, rumbuna, da marken da garin ya ci sunansa. Kullum in na taso daga makaranta sai in shige ɗan shagon da ke ƙofar gida, ba na fitowa sai kiran magariba. Kulu takan zauna a bakin ƙofa da Bashiru a cinya tana yi mini gyara. Ita ta tuna mini cewa hular Audu ja ce da ta koɗe ta koma kamar ƙasa, sai da na dama launin sau huɗu kafin ta yarda. Inna ce na bari ƙarshe. Na yi ta a tsaye a ƙofar ɗakinta da faifai a hannu, da zanen saƙinta mai shuni, kallabin ya zame gefen hagu kamar kullum. Kwana tara na yi a kanta. Ranar da na ɗiga mata ido, Kulu ta leƙa, ta juya ta koma cikin gida.

Saura shimfiɗa ƙasa a kan sakainun. Na shafa ƙaro, na barbaɗa yashin Wurno, na jera su. Komai ya yi daidai, amma wani abu bai zauna ba.

"Awa baƙi suke," in ji Kulu. "Ƙasag ga ta cika ja. Tamu baƙa-baƙa ta, tana ƙyalli in rana ta buga."

Lokacin bazara ta kama, ruwan madatsa ya ja baya, aka ce tudun tsohon garin ya fito. Ranar da babu makaranta na hau motar 'yan kasuwa har Goronyo, na ƙarasa da ƙafa, na sami Nomau a bakin ruwa yana gyaran koma. Shi ya raka ni. Tun da muka tashi ban taka wurin ba. Babu bango ko ɗaya a tsaye. Kowane gida ya narke ya zama ɗan tudu, laka ta bushe ta tsattsage, bawon kumba a warwatse ko'ina. Marken ya zama kututture fari. Amma bakin rijiya yana nan, kuma daga rijiya na ƙirga taku na sami gidanmu. Duwatsun murhun Inna uku suna zaune inda ta bar su. Na durƙusa na kankare lakar sama da wuƙa har na kai ga ƙasarmu ta ainihi, na ɗiba na ƙulle a tsumma. Haka na bi gida-gida, ƙofar Audu, ƙofar Jimma, mashigin jirgi, harabar masallaci, kowane ƙulli da alamarsa. Da na gama na tambayi Nomau maƙabarta. Ya ɗaga gorarsa ya nuna ruwa, can inda ya yi duhu.

"Can ƙasa. Ruwa bai taɓa sakin wurin ba, ko bara da anka yi hwari."

Na dawo Wurno na ɗora kowa a kan ƙasar ƙofarsa. Na dasa musu 'yar ciyawa da bakin tsintsiya, na sa wa Nomau ɓarɓashin bawon kumba a gindi. Wannan karon Kulu ba ta sami abin gyarawa ba. Su talatin da ɗaya ne.

Nomau ba ya riƙe magana. Kafin mako ya zagayo, duk sabon gari ya ji cewa ɗan liman ya je ya kwashi ƙasar ƙofofin mutane yana gina su. Kun san yadda irin wannan zance ke sauya kama a hanya. Yaya Sambo ya kai wa Baba, ya ce ina sassaƙa gumaka, wasu ma suna cewa asiri ne. Saura kwana goma sha biyu a yi gasa, na dawo daga makaranta na tarar da Baba zaune a zaure, da sandarsa da butarsa da gafakarsa. Bai taɓa zuwa gidana ba sai ranar. Muka gaisa, ya sha ruwa, muka yi la'asar. Sannan ya ce:

"Umaru, an ce mini kana gina mutane."

"Yumɓu na, Baba. Aikin makaranta."

"Buɗe in gani."

Na buɗe shagon, na yaye zanen da na rufe allon da shi. Na ja gefe na tsaya, ina mai 'ya'ya, kamar yaron da aka kama da satar gyaɗa. Ya tsaya a kan allon ya daɗe. Ya ɗaga sandar, na runtse ido. Da na buɗe, sai na ga bakin sandar yana shawagi a kan rijiya, bai taɓa komai ba.

"Rijiya ba nan take ba. Yamma ga tsamiya take. Mi kaka koya ma ɗiyan mutane in ba ka san gabas da yamma ba?"

Na matsar da rijiyar. Ya sunkuya, ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya yana kiran suna. Wanda ya rasu ya ce Allah Ya jiƙansa, wanda ke raye ya faɗi layin da aka kai shi. Bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da ya zo kan kansa, a ƙofar masallaci da rawani, ya yi tsaki ya wuce. Sai ya iso ƙofar gidanmu. Nan sunan bai fito ba. Ya kai fuskarsa kusa har gemunsa ya kusa taɓa allon, ya daɗe yana kallon ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarta.

"Ina kas samo ƙasag ga?"

"Bakin ɗakinta, Baba. Kusa ga murhu."

Ya jingina sandar da bango ya zauna a ƙasa, a kan dandaryar shagon, ba tabarma. Na fita na ja masa ƙofa.

Kwana uku ya yi a gidana. Da safe ina makaranta, shi yana shago. Kulu ta ce takan leƙa idan ta kai masa kunu, ta gan shi yana gyara garin: ya juya ƙofar wani rumbu, ya matsar da danga, ya ce a kawo masa tsinke ya ƙara hanyar da ke bi ta bayan masallaci, wadda ni na manta da ita. Mutanen kuwa bai taɓa jikin ko ɗaya ba. Idan zai matsar da wani, sai ya sa farce ya tura sakainar. Ranar da zai koma, bayan ya ɗaura gafakarsa, ya kira ni zaure.

"Hukuncin surar mai rai ka san shi. Ni nik karantar da kai, ba ni maimaita ma. Wanga tsakaninka da Ubangijinka na. Abin da za ni hwaɗi daban na. Matag ga shekara talatin da wani abu tana gidana, ko hakimi bai san kamanninta ba. Yanzu za ka aza ta bisa tebur cikin hili, duk wanda yaz zo shi ɗauka, shi jujjuya, shi aje. Ban hana ka ba. Kai ma uba na yanzu. Amma ka tambaye ta? Ka tambayi Audu?"

Na raka shi tasha, ya hau mota ya tafi.

Uwarku ba ta goyi bayansa ba, kuma ina so ku san wannan, don kada ku ɗauka mace ce mai bin duk abin da aka ce. Ta zauna ta yi mini lissafin abin da ke gabana.

"A hidda Inna, a kai sauran. Talatin sun isa, ashirin anka ce. Malam, Zariya fa. Irin wagga dama ba ta zuwa sau biyu ga talaka."

Na bi shawararta. Na cire Inna na naɗe ta a auduga na sa a gwangwani, na sa turmi a gurbinta. Raina ya ɗan kwanta. Bayan kwana biyu hedimastanmu ya zo duba aikin. Mutumin kirki ne, yana so na, shi ya fara sa sunana a gasar. Da ya ga allon ya riƙa tafa hannu. Ya ce ya riga ya ga na abokina Malam Shehu, malamin wata makaranta wajen Rabah, wanda ya yi madatsa da magudanai da gwangwanin madara, da gonaki kore shar. Ya ce ya yi magana da masu shirya wurin, za a jera namu kusa da juna. A rubuta wa nawa "Jiya", a rubuta wa na Shehu "Yau", don manyan baƙi su ga inda aka fito da inda aka kai. Yana magana ya miƙa hannu ya ɗauki Audu makaho da yatsa biyu, ya ɗaga shi wajen haske, ya juya shi ƙafa sama don ya ga yadda na liƙa shi.

"Wanga tsoho shi za ya hi ba su dariya. Dibi hula, don Allah!"

Ba da mugunta ya faɗa ba, bai san Audu ba. Ni kuwa Audu ne ya saƙa mini igiyar akuyata ta farko, kuma ya rasu wata huɗu bayan an tashe mu, don a sabon gari ƙafarsa ba ta san hanya ba, ya daina fita, ya zauna a ɗaki har ya ƙare. Na karɓe shi daga hannun hedimasta na mayar gindin tsamiya. Bayan ya tafi sai na ga abin da na yi. Na cire tawa uwar na ɓoye, na bar na sauran mutane a fili.

Na gaya wa Kulu abin da na yanke: ba zan kai su gasar ba. Ta yi kuka, ta ce na cuci kaina na cuci Bashiru. Amma ita ta kawo kwando ta shimfiɗa ƙaiƙayi, ita ta jera su a ciki da hannunta, ta buɗe gwangwanin ta sa Inna a sama.

Na sami Baba a ƙofar gidansa a sabon gari da hantsi. Na ajiye kwandon na faɗa masa ina so in mayar da su gida.

"Ni nis sa ka?"

"A'a, Baba."

"To ka riƙa tuna haka, randa za ka ji haushina."

Ya tashi ya ɗauki sandarsa. Ban roƙe shi ya zo ba. Muka gangara bakin ruwa, karo na farko da ya fuskance shi. Nomau ya ɗauke mu a jirgi, ya tura har gora ta daina taɓa ƙasa, ya koma filafili. Ya dubi kututturen marke, ya dubi wani tudu a ƙetare, ya tsayar da jirgin ya ce nan ne. Baba ya ɗaga hannu ya yi wa mutanen maƙabarta addu'a, mai tsawo, muryarsa tana fita tana ɗaukewa. Da ya shafa, na fara ɗauko su. Nakan sa kowane a tafin hannu, in nutsa hannun a ruwa, in jira. Da yake ba gasassu ba ne, ba sa daɗewa. Launin ke fara tashi, shuni ya yi zare-zare, ja ya bi shi, sannan yumɓun ya saki ya zube ta tsakanin yatsuna. Sakainar kuma sai ta taso sama. Kafin mu kai rabi, jirgin ya kewaye da 'yan sakainu suna yawo. Baba yana kiran sunan kowa ina sakawa. Da muka zo kan Nomau, ya karɓa ya duba kansa, ya yi dariya har jirgin ya yi tangaɗi.

"Kai ɗan Liman, cikin nawa har ya kai haka? Ni ban mutu ba tukuna, amma saka ni. Can ag gida."

Inna ce ta rage. Na riƙe ta na kasa. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, babu kamanninta a ko'ina a duniya sai wannan da ke tafin hannuna, kuma na san haka sarai. Baba ya miƙo hannu.

"Ba ni."

Shi ne karo na farko da ya taɓa ɗaya daga cikinsu. Ya dube ta, ba da daɗewa ba. Ya sa farcen babban yatsa ya ɓamɓare ta daga kan sakainar a hankali, ya jefa sakainar da 'yar ƙasarta a aljihun rigarsa, ya miƙo mini ita. Na nutsa hannuna. Kallabin ne ya fara tafiya.

Da na koma Wurno na ce wa hedimasta aikin ya lalace. Ya yi fushi ƙwarai, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau, kuma yana da gaskiya, don na kunyata shi. Malam Shehu ya ci gasar, ya tafi Zariya, ya dawo ya yi ta hawa har ya zama babba a Sakkwato. Ni na ƙare aikina a aji, tsakanin Wurno da Dinawa. Mutane suka haɗa zuwan Baba da lalacewar aikin, Yaya Sambo ya ƙara sanda a cikin labarin, ya zauna haka. Baba ya ji bai musa ba, don ba zai yiwu a ce limami ya kwana uku a ɗaki da mutum-mutumi yana gyara musu hanya ba. Ni ma na yi shiru, kuma nawa shirun ba shi da uzuri irin nasa. Ya yi mini daɗi a riƙa tausaya mini, a ce da ba don tsohon ba da Umaru ya yi nisa. Na bar shi ya ɗauki sunan mai zafin zuciya har ya koma ga Allah. Kuma ranar da ya faɗa ta zo, ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da Shehu ya biyo ta Wurno da motarsa ya tsaya mu gaisa, nakan yini ina jin haushin Baba, ina sane da cewa ba shi ya sa ni ba.

Ban sake gina mutum ba sai bayan na yi ritaya. Wata rana na ɗebo yumɓu na ce bari in yi Inna, ni kaɗai, in gani in rushe. Tsayuwar ta zo, faifan ya zo, kallabin ya zame inda yake zamewa. Fuskar ta ƙi. Na yi ta goma sha, kowace ta fito wata mata da ban sani ba. Na tambayi uwarku, ta ce hancin ya fi haka tsawo. Na tambayi Yaya Sambo, ya ce a'a, gajere ne. Na rufe ido in gan ta, sai in ga zane da kallabi da hannu, wurin fuskar kuma kamar an shafa ruwa. A hankali ta tafi ban sani ba, ina can ina koyar da yara saƙar faifai.

Sallar da ta wuce, da kuka taru duka, ina zaune a tsakar gida. Jikata Nana, 'yar Hadiza, tana tsince shinkafa a tire, kaza ta sa baki, ta juyo ta kore ta, ta haɗe gira, ta ɗan karkata baki gefe guda. Na ga Inna. Numfashi ɗaya ne, amma ita ce, har yadda take kallon mutum ta ƙasan ido. Na kira yarinyar na ce ta sake juyowa. Ta juyo tana dariya, babu komai sai Nana.

"Kaka, mi na?"

"Ba komi. Ci gaba da aikinki."

Hadiza, idan an yi hutu ki riƙa turo mini ita. Ba sai ta yi mini aikin komai ba. Ta zauna a tsakar gida kawai ta yi harkarta, ni ina daga gefe.